Takarda Cikin Amawali

Idrisa na kutsawa cikin taron kasuwar Gangara, abokin karatunsa Mailafiya ya damƙe masa hannun riga.

"Kai, tsaya nan. Ba namu ba ne, Buzu ne."

A tsakiyar fili an ɗaure Aghali, mai raƙuman da ke yi wa bariki jigilar hatsi. Da hantsi ya durƙusar da raƙumansa, ya sauke geron irin da aka kwashe daga rumbunan mutane, ya ce bai ɗauka. Gardi biyu, dogaran bariki, na tsaye a kansa da bulala.

Wata uku ke nan da Idrisa ya rubuta wata takarda da ajami: wanda ya miƙa irinsa bana, kabarin ɗansa ya haƙa baɗi. Abokan karatunsa ya rubuta wa. Suka karanta a zaure, suka ce madalla, kowa ya ninke tasa ya cusa a gafaka. Ranar da aka zo awon iri, su suka fara buɗe rumbu. Bai taɓa kawo Buzu a ransa ba. Ai Buzaye ne masu kwashewa. Ga shi yau maganar takardar ce Aghali ya faɗa da ya sauke kayan.

"Wa ya ba ka wannan magana?" in ji babban gardin.

"A bakin rijiya aka karanta," Aghali ya ce. "Na ce a maimaita. Sau uku."

"Ina takardar?"

Gardin ya kai hannu ya fizge wa Aghali amawali, rawanin ya warware har ƙasa. Mata suka kau da kai. Mutumin da ko surukinsa bai taɓa ganin bakinsa ba, ga shi fuska a buɗe tsakiyar kasuwa. Takardar ta faɗo daga naɗin, duk ta jiƙe da gumi.

"Wa ya rubuta? Faɗi a kwance ka."

"Ban san shi ba. Da na sani ma."

Bulala ta sauka. Ta sake sauka.

"Bai san ka ba, wallahi," Mailafiya ya raɗa. "Ka tuna matarka Umma da goyo. Mu tafi."

Idrisa ya dubi abokansa huɗu a cikin taron, kowa ido a ƙasa. Gardin na ta juya takardar yana yamutsa fuska.

Idrisa ya zare hannun rigarsa, ya fito fili.

"A kife ka riƙe ta, sarkin yaƙi. Kawo in karanta maka. Rubutuna ne."