Madrid da Barsa a Gonar Shinkafa

Ɗanlami ya fito daga jarrabawar ƙarshe da biro a bayan kunne, bai tsaya jin yadda kowa ya amsa tambayoyin ba. Shekararsa ta biyu ke nan a Poli ta Talata Mafara, yana karatun gini. Rayuwarsa ba ta da rassa da yawa. Lacca da safe, garau-garau a bakin ƙofar makaranta da rana, gidan kallon ƙwallo Asabar da Lahadi. Ɗaki ɗaya suke haya da Sanusi, ɗan Kaya ta ƙasar Maradun, tukunyarsu ma ɗaya. Amma Ɗanlami ɗan Barsa ne, Sanusi ɗan Madrid, don haka a gidan kallo ba su taɓa zama benci ɗaya ba.

Duk haukansu na ƙwallo, babu wanda ya taɓa shiga babban filin wasa a cikinsu. A talabijin suka san ciyawar fili. Bana 'yan gidan kallo suka yi shawara, suka kama bas da za ta kai su Kano ranar Asabar ta farkon hutu, su ga wasa da idonsu, su ji ihun jama'a ba ta lasifika ba. Ɗanlami ne ya fara kawo maganar, shi ne kuma ya nemo direban.

Bai gaya wa mahaifinsa ba sai da ya isa gida Birnin Tudu ranar Lahadi.

Malam Maiwada na zaune a zaure yana gyara ƙotar fartanya. Aka gaisa. Ya tambayi hanya, ya tambayi malamai, ya tambayi abokin ɗaki da iyayensa. Sannan Ɗanlami ya kawo zancen.

"Kano," in ji Malam Maiwada. "Mi za ka yi Kano?"

"Kallon ƙwallo, Baba."

"Wadda kake kallo Mafara ta ƙare?"

"Wannan a fili ce. Da ido."

Malam Maiwada ya buga ƙotar da ƙasa, ya duba ko ta zauna. "Iri ya isa dashe. In ya ƙara daɗewa ya tsufa. Ka gama dashe, ka tahi har Legas in kana so. In da saura ko taki ɗaya, ba inda za ka."

Gonar shinkafar tana cikin filin Bakolori, kusa da kanal. An huɗe ta, an baje laka, ruwa ya kwanta a kai. Ɗanlami ya tsaya kan kunya da yamma ya auna ta da ido. In shi da mahaifinsa kaɗai ne, bas za ta je Kano ta dawo ba su kai rabi ba.

Yayarsa Taiba, wadda ta zo ganin gida daga Bakura, ta same shi a tsakar gida yana juya tuwo a kwano bai ci ba.

"Wa ya mutu?"

"Ba kowa."

"To ci. Kai da kullum bakinka abokai, abokai, ina amfaninsu? Kira gayya mana. Ni in yi tuwo, Inna ta dama fura. Ko su ƙattan banza ne, sai ihu gaban talabijin?"

Washegari ya hau mashin ya koma Mafara. An gama kakar wasa a Turai, amma gidan kallo bai rufe ba, don musu ba ya hutu. Ya tarar da su a rumfar ƙofar, kowane ɓangare a bencinsa. Ya faɗi halin da ake ciki, ya ce gayya ranar Laraba. Kowa ya kawar da kai. Wasu suka fara duba waya.

Abdulrashid, babba a 'yan Barsa, ya miƙe ƙafa. "Mu za mu zo. Amma kada ka wahalar da waɗannan bayin Allah. Farar riga ba ta son laka."

"Wa kake nufi?" in ji Sanusi.

"Na ambaci suna?"

"Kai, ni a gona aka yanke mini cibi. Kai da ko albasa ba ka iya bambanta ta da ciyawa."

"A baki kowa manomi ne."

"To a raba gonar biyu! Ku rabi, mu rabi. Wanda ya riga gamawa shi ya ci. Kuma da rigunanmu za mu zo, ka gani da idonka."

Masu duba waya suka ajiye. Kafin Ɗanlami ya tashi, har waɗanda bai san sunansu ba sun ce a sa da su.

Ranar Laraba da sassafe mashina suka fara tsayawa a bakin kanal, bibbiyu, uku-uku. 'Yan Madrid suka sauko cikin fararen riguna, wasu har da guga. Matan da ke wucewa da ƙwaryar nono suka tsaya suna dariya. Malam Maiwada ya dube su daga sama har ƙasa.

"Waɗanga ɗaurin aure sunka zo?"

"Aiki muka zo, Baba," in ji Sanusi, ya durƙusa ya gaishe shi.

"Madalla. Allah shi ba da sabulu."

Ya ja igiya ya raba gonar, Barsa gabas, Madrid yamma. Shi kuma ya koma can inda aka yafa iri, yana tugewa yana ɗaurewa dami-dami, samari na zuwa suna kwasa da gudu.

Ba a daɗe da farawa ba sai ga Baraka mai ganga, wanda ba ya jin labarin gayya ya zauna gida. Ba wanda ya kira shi. Ya tsaya kan kunya ya gyara rataya, ya ƙwala wa Sanusi kira.

"Samari, ku mutanen ina ne?"

"Madrid!"

"Ƙasar wane sarki ce? In san wanda zan wasa."

"Kai dai ce masu kofuna!"

Baraka ya saki ganga, yana wasa masu kofuna. 'Yan Barsa suka yi ihu sun ƙi, ya juya gabas ya wasa su su ma. Duk ɓangaren da ya fi ihu, can yake fuskanta.

Yawancinsu 'ya'yan manoma ne, hannunsu ya san aikin. Suka jera, suka sunkuya, suna cusa iri a laka suna ja da baya. Ba'a ba ta tsaya ba.

"Abdulrashid, ana dashe ne ba tiki-taka ba! Ka bar miƙa wa na kusa da kai!"

"Ku dai ku jira alƙali ya ƙara muku lokaci, kun saba!"

Wani ɗan Madrid ya zame ya zauna daɓas cikin ruwa. Gabas duka suka ɗaga hannu suna neman a ba shi kati don faɗuwar ƙarya. Kafin hantsi ya yi zafi babu sauran farar riga a filin. Ɗanlami bai ɗaga kai ba. Yana dasawa yana jin bayansa kamar zai tsage, yana kuma murmushi shi kaɗai, don ya ga kore na cin laka ta ko'ina.

Gab da azahar Abdulrashid ya miƙa hannu baya. "Iri!"

Ba a kawo ba.

"Iri, jama'a!"

Malam Maiwada ya taho yana wanke hannu a ruwan gona. "Iri ya ƙare."

"Ya ƙare?" in ji Ɗanlami. "Baba, ai kun ce ya isa har da saura."

"Na ce."

A bayan 'yan Barsa akwai sauran fili kamar harabar masallaci, laka tsirara. Daga yamma kuwa ihu ne ke tashi. 'Yan Madrid sun gama, sun ɗaga Sanusi sama, Baraka na binsu da ganga. Ɗanlami ya miƙe ya sa hannu a goshi. Ya gan su can nesa, gindin gawo. Gonarsu ba ta kai gawon ba. Ba ta ma kusa da shi.

Ruwan da aka saki ya shanye kunyar da ke iyaka ta yamma. 'Yan Madrid baƙi ne a wurin, kuma da baya suke tafiya. Sun haye iyaka ba su sani ba, sun dasa kusan rabin gonar maƙwabci da irin Malam Maiwada.

"Waccan gonar Nagode ce," in ji Malam Maiwada. Bai ɗaga murya ba.

Ihu ya mutu. Sanusi ya sauko, ya taho yana goge fuska, laka na ƙara yaɗuwa.

"Baba, a yi haƙuri. Yanzu mu tuge mu dawo da shi."

"A'a. Abin da ya shiga ƙasar mutum ba a taɓa shi sai da izninsa." Ya juya ga ɗansa, ya nuna filin da ya rage da haɓa. "Ka dai ji abin da na ce ran Lahadi."

Ɗanlami bai tsaya neman takalmi ba. Ya hau mashin ya nufi gari. Ya sami Baba Nagode a ƙofar gida yana alwala, sa'an mahaifinsa ne, tare suka tashi. Tsohon ya ce sai ya yi salla. Ya yi. Ya ce ba ya hawa mashin ɗin yaran zamani, ya ɗauko kekensa. Ɗanlami ya biyo shi a hankali, yana cizon leɓe.

A bakin gona tsofaffin biyu suka fara gaisawa. Gida, iyali, gajiya, damina, ciwon gwiwa, jikar da aka haifa. Samari na tsaye cikin laka suna jira. Sai da aka gama sannan Baba Nagode ya taka kan kunya, ya dubi gonarsa, layi-layi kore har gindin gawo. Ya daɗe yana kallo. Sai kafaɗunsa suka fara rawa.

"Ni da nake ta neman 'yan ƙwadago ban samu ba! Wa ya yi wanga aiki?"

Sanusi ya ɗaga hannu a hankali.

"Allah shi yi maka albarka, yaro. Ko ɗaya ba a tugewa."

"Baba," in ji Ɗanlami, "to mu namu..."

"Irina na nan bayan kanal, ya isa dashe. Ku tugo ku cike."

"Naka irin jamila ne, nawa faro," in ji Malam Maiwada. "Ba tare suke nuna ba."

"To sai ka yi yanka sau biyu, Maiwada. Ina kake zuwa? Kai ma Kano za ka?"

Malam Maiwada ya yi tsaki, amma gefen bakinsa ya motsa. "Ku tugo."

"Tsaya," in ji Baba Nagode. "Wa zai bar mini gona rabi da riga rabi tsirara? Wanda ya fara shi ka ƙarasawa."

Aka ci tuwon Taiba a gindin gawo, aka sha fura, aka yi salla. Sannan aka koma. Wannan karon ba igiya. Aka cike gonar Malam Maiwada tukuna, aka juya kan ta Baba Nagode, Barsa da Madrid a layi ɗaya, don babu mai iya gane rigar wani. Musu dai bai mutu ba.

"Mu muka ci, mun fi ku dasawa."

"A wajen fili! Wa ya taɓa cin ƙwallo a gonar maƙwabci?"

Aka kai ƙara wurin Baba Nagode. Ya ce shi dai a ganinsa shi ya ci.

"To a sake," in ji Sanusi. "Wannan gidanku ne. Zagaye na biyu a Kaya. Geron babana na jiran noman farko."

Ɗanlami ya yi dariya, ya ɗauka wasa ne.

"Mi kake dariya?" in ji mahaifinsa daga kan kunya. "Gayya ramawa ake. Duk wanda ya zo taka, ranar tasa kana can."

Nan take Abdulrashid ya tuna da dawar kawunsa a Bakura. Wani ya ce su ma Maradun suna da masara, kuma a fara da wuri don a bar hanya kafin la'asar. Wani ya ce auduga. Ɗanlami na sunkuye yana jin hutunsa na tafiya gona-gona, har ranar komawa makaranta. Ya ce a dai tabbatar kowane gida akwai mai tuwo kamar Taiba.

Rana ta yi sanyi aka cusa na ƙarshe. Samari suka faɗa kanal da rigunansu, suna watsa wa juna ruwa. Ɗanlami bai bi su ba. Ya tsaya yana kallon mahaifinsa, wanda ya naɗe wando ya bi kunya a hankali, gabas zuwa yamma, yana leƙa kowace kusurwa. A wuri ɗaya ya sunkuya ya gyara wani dashe da ya karkace. Ya zagayo ya tsaya gaban ɗansa.

"Asabar ka ce?"

"Asabar, Baba."

"Ka dawo Lahadi. Litinin kana Kaya."

"To, Baba."

Ɗanlami ya juya zai ruga kanal, bakinsa ya ƙi rufuwa.

"Kai," in ji Malam Maiwada. "In ka je, ka tambayo mini farashin taki a can."