Ƙarfen Gwiwar Yasen

Ranar Talata da hantsi Kalin ya shigo garejin Strahil yana huci, ya wurgar da ƙarfen gwiwarsa, irin wanda masu tseren babur ke ɗaurawa don kariya, kan teburin aiki. Abin ya rabe gida biyu, laka ta bushe a jikinsa.

"Kawu Strahil, na uku ke nan a bana. Na uku! Don girman Allah ka zaɓa min wanda ba ya karyewa."

Strahil bai ko ɗago ba. Shekara arba'in ya yi yana gyaran baburan tsere a gindin filin laka na garinmu, a nan Bulgariya, kuma ba a haifi mahayin da zai sa shi gaggawa ba. Sai da ya gama ɗaure ƙusar da ke hannunsa, ya goge yatsu, sannan ya ɗauki guntun ya jujjuya.

"Roba ce wannan aka shafa wa fenti. Ina ka samo?"

"Araha na gani."

"To, araha dai ba ta ado, ga shi ka gani da idonka."

Kalin ya ja tsaki. Direban motar katako ne, shekararsa talatin da ɗaya, duk mako yana daji, Asabar da Lahadi kuwa yana kan babur yana tsallake tudu. Bara aka ɗinke masa jijiyar gwiwar hagu, likita kuma bai ɓoye masa ba: in ta sake tsinkewa, shi da sanda har kabari. Ga shi ranar Lahadi za a yi gasar ƙarshe ta shekara a filinmu.

Strahil ya sauko da iri uku ya jera masa. Kowanne ɓangare biyu ne, ɗaya ya rungumi cinya, ɗaya ƙwauri, da mahaɗa a gefen gwiwa.

"Ba ƙyalli ake dubawa ba, mahaɗar nan ake dubawa. Dole ta zauna daidai kan gaɓarka, ba sama, ba ƙasa. Wannan in ka faɗi lanƙwashewa yake yi, a buge shi ya koma. Wancan ya fi ƙarfi, amma igiyoyinsa ragwaye ne, wata biyu sun saki. Sannan ka buɗe kunne ka ji ni. Ƙarfen da ba ya karyewa, in ba a jikinka aka auna shi ba, ƙashinka zai karya a madadinsa."

Amma Kalin ba ya saurare. Idonsa na bayan ƙofa. A jikin ƙofar, ta waje, takardar rasuwar Yasen na manne har yanzu, rana ta cinye hoton saura ido da haƙora. Ta ciki kuwa, a kan ƙusa, wasu ƙarafan gwiwa biyu ne baƙaƙe ƙirin, ko ƙwarzane babu a jikinsu.

"Waɗancan fa?"

"Ba na sayarwa ba ne."

"Na Yasen ne?"

Na Yasen ne mana. Shi kaɗai ne ɗan da Allah ya ba Strahil da matarsa Donka. Shekara biyu ke nan da babur ya kayar da shi a babban tudu, wuya ya karye, a gaban ubansa. Hular kwano ta fashe, babur ya zama tarkace, amma ƙarafan nan sai ka ce ranar aka fito da su daga kwali. A ƙafarsa aka zuba su, aka ƙera su daidai ƙashinsa. Kuma da yake gwiwarsa ta hagu ba ta miƙewa sosai tun wata tsohuwar faɗuwa, Strahil da hannunsa ya sa wa mahaɗar hagu ɗan weji mai tokarewa, don ƙafar ta tsaya kafin ta gama miƙewa. Ranar arba'in Donka ta rabar da kayan mamacin kaf, kamar yadda ake yi, riga, takalmi, har agogo, don ya tafi da sutura, kada wani abu ya riƙe shi a nan. Waɗannan biyun ne kawai Strahil ya ɓoye mata.

"Bari in gwada kawai, Kawu. Gwaji ai ba sata ba ne."

Strahil ya juya masa baya ya ci gaba da aiki, don ba ya son gani. Ya ji ana jan igiyoyi. Daga nan sai Kalin ya taka siminti: ƙafar dama ta sauka dim, mahaɗar hagu ta ce ƙas, ƙafa ta ɗan ja ƙasa. Dim, ƙas, shuu. Dim, ƙas, shuu.

Sufana ta suɓuce daga hannun tsohon. Wayyo, tafiyar ɗansa ce! Ba mai kama da ita ba, ita ce. Haka Yasen ke shigowa kullum ya buɗe tukunyar abincin uban ya ce wake kuma? Strahil ya dafa teburi da hannu biyu, ya ƙi waiwaya, don ya san yana waiwayawa Kalin zai gani.

"Kai, Kawu, wannan shi ne kaya! Sai dai hagun na ɗan riƙe ni."

Aikin minti biyu ne a cire wejin. Ko an cire ma, Strahil ya riga ya san Yasen ya fi Kalin tsawon cinya, mahaɗar tana zaune yatsa biyu sama da inda ya kamata. Babu wanda ya fi shi sanin haka a faɗin Bulgariya. Amma zuciya ba ta da ƙashi.

"Zai saba da kai," in ji shi. "Tafi da su."

Daga ranar Kalin ya ɗauki hutu a wurin aiki, kullum yana fili yana gwaji, kullum kuma sai ya biyo ta gareji. Tsohon da ba ya son a taɓa masa ko tsumma sai ga shi da aike: miƙo min galan ɗin can, kai wannan tayar baya, duba min ko na rufe famfo. Kalin na tafiya, shi yana tsaye ya ba da baya, ido a rufe. Abin kunya ne, ya kuma san abin kunya ne, amma rabonsa da daɗi irin wannan tun ranar da aka rufe ramin Yasen.

A fili kuwa mutane sun fara magana. Kalin da aka sani da tsoron kwana, mai zagayawa ta waje, yanzu ta ciki yake yankewa, ya kwantar da babur har gwiwar hannu ta shafi laka. Mutum ɗaya ne ya taɓa bin wannan layin a garinmu. Mai ban ruwan fili, da ya hango shi ta baya yana tura babur cikin yayyafi, sai da ya yi alamar gicciye ya koma cikin motarsa ya kulle ƙofa.

Ranar Juma'a da tsakar rana Donka ta kawo wa mijinta miyar wake da burodi. Tana bakin ƙofa Kalin ya ratsa garejin ta ciki. Ba ta gan shi ba, ji kawai ta yi. Tukunyar ta faɗi, wake ya watsu har ƙarƙashin babura. Ta jira sai da ya fita, ta leƙa bayan ƙofa ta ga ƙusa ba komai, sannan ta juyo kan mijinta.

"Ashe kai ne. Shekara biyu ina kunna kyandir ina tambayar abin da ya hana yaron nan kwanciya, ashe kai ka rataye shi a ƙusa."

"Ƙarfe ne kawai, Donka."

"Ƙarfe ne ya sa ka yi aski yau? Ƙarfe ne ya sa kake ta yin fito da baki kana aiki? Tsoho, ni za ka yi wa wayo? Daidai da shi ne ma kayan?"

Strahil ya kau da kai.

"Ina tambayarka. Daidai da ƙafarsa ne?"

"A'a."

"In ya sauko daga babban tudu da ƙarfi fa?"

"Cinya za ta tafi. Ko gwiwar. Ko duka biyun."

"Kaico! Shi ma ɗan wata ne, Strahil. Uwarsa ita ta wanke mana kwanuka ranar arba'in. Kayan aro ba ya rufe katara, ballantana na wanda ya riga mu. Ka karɓe su yau."

"Gobe," in ji shi. Ita ta durƙusa tana kwashe wake.

Asabar da safe Kalin ya zo karɓar sarƙar babur. Ba kayan tsere a jikinsa, gajeren wando ne da silifas, gwiwoyinsa a waje, babu ƙarfe ko ɗaya. Ya taho daga ƙofa zuwa teburi, dama ta sauka dim, hagu ta tsaya kafin ta miƙe, ta ja ƙasa. Strahil ya rantse har ƙas ɗin ya ji. A cinyar hagu ga wani jan shati inda ƙarfen ya ci fata.

"Miƙe ƙafar nan in gani."

Kalin ya dube ta kamar ba tasa ba. "Ta ɗan ƙage ne. Ba komai." Ya miƙa hannu saman kabad, can bayan gwangwanin fenti, ya zaro ƙaramin makullin akwatin kayan aiki. Ba wanda ya taɓa nuna masa wurin.

"Wa ya gaya maka nan yake?"

"Ba nan yake kullum ba?"

"Ina ƙarafan? Ka kawo min su in duba."

"Suna gida. Bayan gasa na kawo." Ya ɗauki sarƙar, ya kai ƙofa, ya juyo. "Kada ka tsaya a gindin babban tudu gobe, ka ji? Ba na son ka gani."

 Strahil ya zauna kan taya, ya daɗe bai motsa ba. Tsoro ya kama shi, kuma a ƙarƙashin tsoron, Allah ya yafe masa, murna ce.

Lahadi aka tashi da yayyafi, laka ta jiƙa ta yi ja. Mutane sun cika gefen igiya da lema, hayaƙin gasasshen nama ya gauraye da na mai. Babura talatin sun jeru a bakin ƙofar tashi suna gurnani. An ce ba a fafe gora ranar tafiya, amma Strahil ya bar wa kansa wata rana ne? Ya ɗauki wuƙar yankan roba, ya kutsa cikin layin, Donka na biye da shi da mayafinta a jiƙe. Masu tuta suka yi masa ihu, ya yi kunnen uwar shegu da su.

Kalin na can ƙarshe, ta ciki. Strahil ya kashe masa babur, ya durƙusa cikin laka, ya kama wandon tseren ya tsarge shi daga cinya zuwa bakin takalmi. Ga baƙin ƙarfen nan, tsaf, ko laka ba ta kama shi ba. Ya sa wuƙa ƙarƙashin igiyar farko.

Sai hannu mai safa ya sauka a kansa, a hankali. Daga cikin hular kwanon murya ta fito, kuma duk rurin injinan nan bai danne ta ba.

"Baba."

Kalin bai taɓa kiransa da haka ba. Muryar ma ba tasa ba ce.

"Baba, kada ka cire. Sanyi ake yi a can. Ka bar ni in zauna."

 Strahil bai ɗago ba, don ya san in ya ɗago shi ke nan. Hawaye da ruwan sama suka haɗe masa a gemu. Ya yanke ta farko.

"Baba, ni ne fa."

"Na sani, ɗana," in ji shi. "Na san kai ne."

Ya yanke ta biyu, ta uku, ta huɗu. Yatsun da ke kansa suka damƙi gashinsa, sannan suka saki. Ƙarfen hagu ya faɗi cikin laka. Ya zagaya da rarrafe ya yanke na dama. Daidai nan aka saki ƙofa, babura ashirin da tara suka tashi, suka watsa musu ɓurɓushin ƙasa, suka ɓace a kwanar farko.

Kalin ya fizge hula, fuskarsa ja wur.

"Kawu, ka haukace ne? Wandona! Gasata! Shekara guda ina jira, ka zo ka yanka ni kamar buhu?"

"Miƙe ƙafarka."

"Wace ƙafa kuma?"

"Miƙe ta, na ce!"

Ya sauko, ya buga hagun a ƙasa don fushi, ta miƙe sambal.

"Me ka ce min ɗazu?" in ji Strahil.

"Ni? Yaushe ka ba ni damar magana? Tsoho, je ka ga likita." Ya tura baburinsa ya tafi yana zage-zage, wando na reto, tafiya irin ta kowa.

Strahil bai tashi ba. Donka ta zo ta durƙusa kusa da shi, ta tattara ƙarafan ta naɗe a mayafinta, ta rungume su a ƙirji.

"Roƙona ya yi, Donka. Ya ce sanyi yake ji."

"Na ji shi," in ji ta. "Tun daga kalmar farko na ji shi. Da a hannuna wuƙar take, da ban iya ba."