Benci Huɗu da Farin Wandon Kawu

Shekara biyu ke nan 'yata ta fari, wadda nake kira Mamana, ba ta yi hutun ƙarshen shekara a gidana ba. In ta dawo daga makarantar koyon jinya, kwana ɗaya take yi ta ɗauki jaka ta wuce gidan Kawu, yayan matata. Wai can ake taro, can ake dariya.

Na san taron nasa. Kawu direban babbar mota ne, ba ya shirya komai. Baƙi ke yanka albasa, baƙi ke wanke kofuna, shi yana kishingiɗe yana ba da labarin hanya. Amma a haka yarana ke dawowa da "Kawu ya ce, Kawu ya yi", har na gaji da jin sunansa.

Bana na ce a gidana za a taru. Mamana ta ce a waya, "To Baba. In an watse sai in bi su Kawu, ko dai mu gani." Kwana goma gare ta, ni kuma goman nake so.

Matata ta ce, "Malam, mai sauƙi za mu yi. Shinkafa, kaza, shayi, kowa ya zo da abin da ya samu. Kada ka jawo wa kanka hawan jini."

Na ce to. Amma ni kafinta ne, hannuna ba ya jin magana. Na auna tsakar gida da tef, na ƙera benci huɗu, na shafa musu shuɗin fenti ranar Laraba. Ranar Juma'a da yamma na ga inda burushi ya bar layi, na tuna idon Kawu. Ni da nake hana masu kaya taɓa aiki kafin kwana biyu, na sake shafa wani, mai kauri.

Asabar da hantsi na danna da yatsa. Sama ya bushe, ƙasa da saura. Na jera su a haka, ban gaya wa kowa ba.

Kawu ya iso cikin fararen kaya, da kankana ɗaya tal a hannu. Yara suka yi kansa. Mamana ta karɓi kankanar da hannu biyu kamar an ba ta zinariya, ta wuce bencina ko kallo.

"Kafinta," in ji Kawu, "asibiti ka buɗe ne? Ina ake karɓar kati?"

Aka yi dariya, har da matata. Ya nufi bencin da ke inuwa. Ina da lokacin da zan tsayar da shi, taku shida ne tsakaninmu. Na tsaya ina kallo har ya zauna.

Sai hankalina ya tashi kada sauran su ma su zauna. Na tura ƙannen matata yankan albasa, na ce maƙwabcina tela ya hura gawayin shayi, yara su shimfiɗa tabarmi. Mamana ta zo za ta zauna kusa da Kawu, na riƙo hannunta da sauri na ce ta yanka kankana. Ta dube ni, ta dubi bencin, ta tafi.

Kafin a jima gida ya cika da hayaniya, kowa da aikinsa, ana tsokanar juna. Matata ta raɗa mini, "Ka ga? Yau ka saki jiki."

Da aka sauke shinkafa Kawu ya miƙe. Wandon ya bar bencin da ƙara kamar an yage takarda. Layi uku shuɗaye, daga ƙugu har cinya.

Kawu ya leƙa bayansa, ya fashe da dariya, ya juya yana nuna wa kowa. "Ƙanina ya buga mini lamba, yanzu ko na ɓata za a gane ni." Ya sa wandon aikina da ya tsaya masa a ƙwauri, ya ci abinci a haka, yara na birgima. Har fentin nawa ya zama labarinsa.

Na zaga bayan ɗaki da kananzir da tsumma ina goge farin wandon. Mamana ta same ni.

"Baba, ni ka riƙe ni. Shi ba ka riƙe shi ba."

Na ci gaba da gugar.

"Kishi kake da Kawu?"

"Ni na haife ki," na ce. "Amma labarinki a bakinsa nake ji."

Ta tsuguna ta karɓi tsumman. "A gidansa in na fasa kofi dariya ake yi. A nan kai sai ka kwana kana tunani. Shi ya sa."

Na riƙe mata wandon, ta ci gaba da gugar.

Da la'asar Kawu ya tada mota ya danna hon. Jakar Mamana na bakin ƙofa tun safe. Ta leƙa ta ce, "Kawu, ku je. Akwai bencin da za mu kankare ni da Baba."

"Kwana nawa?" in ji Kawu.

"Uku tukuna."

Uku, ba goma ba. Na ɗauki jakar na kai ɗaki da kaina. Kankare benci ɗaya aikin yini guda ne, amma na riga na yanke cewa duka huɗun sun lalace.