Masarar Mairo a Bakin Tasha

Ruwan ƙarshen damina ya doki masarar Mairo, buhu huɗu, abincin gidanta na shekara. In ba ta sha rana biyu a busasshen wuri ba, fumfuna za ta yi. Kuma duk Kafur babu wurin shanya kamar simintin da Abdulmutallib ya daɓe a bakin tasha.

Shi dai ba siminti yake ce masa ba. Yaron ya yi karatun zanen gine-gine, ya dawo da tabarau, ya raɗa wa abin suna Sarari. Daɓe ne fari fat, ba rumfa ba benci, wai don mutum ya tsaya ya ji faɗin ransa. Wata uku ba wanda ya tsaya. Ko awaki zagayewa suke, saboda zafi.

Da hantsi Mairo ta baza masararta, ta shiga bi tana ja da ƙafa don rana ta ratsa ko'ina. Sai ga Abdulmutallib a guje, wai ta kwashe, yau wata Madam Morenike za ta zo daga Legas ganin yadda jama'a ke mu'amala da aikin.

"To ai ga jama'ar, ɗan nan," in ji Mairo, ta ci gaba da ja.

Bai gama magiya ba mota ta tsaya. Madam ta daɗe tana kallon layukan da ƙafar Mairo ta bari, har da dafe ƙirji, sannan ta tambaya wa ya kawo wannan tunani. Abdulmutallib ya gyara tabarau ya ce ya daɗe yana nazarinsa. Madam ta ce kada a taɓa ko ƙwaya ɗaya sai masu hoto sun iso jibi.

Nan take ya kewaye wurin da igiya, ya wuni yana korar kaji. Mairo ta samu inuwa ta zauna. Tun da take shanya ba ta taɓa samun mai gadi mai digiri ba.

Bayan la'asar hadari ya haɗo daga gabas. Mairo ta tsallake igiyar da buhunanta da tsintsiya.

"Inna, don Allah, wannan fa yanzu aikin fasaha ne."

"Riƙe min bakin buhun nan."

Ya waiwaya, Madam ta riga ta shige mota. Ya riƙe.

"Gobe in rana ta fito," ta ce tana zubawa, "sai ka zo da wuri mu sake nazarin."