Bangon da Inna Ke Wankewa

Ni fa zanen bango bai taɓa damuna ba, har gobe ma bai dame ni ba. Abin da ya sa na roƙi hutun rabin yini a gidan wanki da guga inda nake aiki, na sa takalmin da ke matse mini yatsa, na bi ayarin baƙi muna zaga gari muna kallon bango kamar marasa aikin yi, wurin zaman Inna ne kawai.

Inna ita ta haife mu, ni da ƙanena Auta. Tun ina goye take zama da keken ɗinkinta a gindin bangon wani tsohon sito, daidai inda titin tasha ya haɗu da na kasuwa. Ba ta ɗinka sabo, gyara take yi. Zif ɗin da ya ƙi hawa, wandon da ya yage a gindi, wuyan rigar da ya cinye ta farke ta juya shi ya koma kamar ba a taɓa sawa ba. Duk wanda ya sauko daga mota da ɓarkakken aljihu ya san inda zai nufa. Keken nan ya ciyar da mu, shi ya biya wa Auta karatun da yau yake yi wa mutane bayani da hannu ɗaya a aljihu.

Shekarun baya wasu samari masu fenti suka cika gari, aka ba su bango nan da can su yi zane. Wanda aka ba wa bangon sito dogo ne siriri, mu dai Dogo muke ce masa. Tsuntsaye ya fara zanawa. Ran nan ƙusar tsani ta kama masa wando ta tsarge shi har cinya, ya sauko yana kare baya da hula. Inna ta miƙa masa zani ya ɗaura, ta hau ɗinki. Yana zaune yana kallonta ta kai zaren baki ta gatse shi, don Inna almakashinta na yadi ne kawai, zare da haƙori take yankewa, har haƙorinta na gaba ya yi ɗan gurbi. Washegari Dogo ya shafe tsuntsayensa. Kafin mu ankara ga Inna a bango tun daga ƙasa har kusa da rufi, zare a baki, ido a kan allura, har gurbin haƙorin bai bari ba.

Ta yi faɗa, ba ƙarami ba. “Kai yaron nan, wa ya aike ka? Ni da ko hoton katin zaɓe ba na so a gani!” Dogo sai dariya. Da ta gaji ta ce to, tunda ya riga ya manna ta a bango, ita ba za ta zauna a ƙarƙashin fuskarta tana datti ba.

Shi ke nan ta ɗora wa kanta aiki. Kullum da safe kafin ta buɗe keke, sai ta ɗebo ruwa a bokiti, ta ɗaura tsumma mai laushi a kan doguwar sanda, ta wanke kanta daga goshi har haɓa. Masu liƙa takardun talla idan sun liƙa, ta bi ta cire. Mai niyyar juya wa titi baya ya yi fitsari a wurin kuwa, kafin ya kai hannu ga mazagi ya ji muryarta. Dogo ya bar garin, sauran zanen suka koɗe, nata yana nan kamar jiya aka gama.

Sai ga kwamitin ƙawata gari ya fito da yawon kallon zane, a tara baƙi a zaga da su. Auta ya samu aikin yi musu jagora. Shi da kansa ya sa bangon Inna a matsayin zangon ƙarshe, ya dawo gida yana rawar kai. “Inna, ciniki zai buɗe miki, baƙi za su yi ta zuwa!” Sun zo kuwa. Sai dai masu zuwa kallon bango ba sa zuwa da yagaggen wando. Hoto suke ɗauka, kuma laimar Inna da tulin tsofaffin kaya suna tare musu ƙasan zanen. Da za a yi bikin buɗe yawon aka ce ta ɗan matsa, na ɗan lokaci. Aka kai kekenta wani lungu bayan garejin makanikai, inda ko akuya ba ta bi. Ɗan lokacin nan damina ta shigo ta same shi, ta wuce ta bar shi. Wani yinin, ban da kayan da nake kwaso mata daga wurin aikinmu, allurarta ba ta huda komai. Amma bokitin safe bai taɓa fashi ba.

Shi ya sa da Auta ya ce shugabar kwamitin da kanta za ta bi yawon ranar Asabar, kuma zai yi mata maganar Inna a gaban bangon, na ce zan zo.

“Haba Yaya, ba sai kin zo ba. Zan yi magana.”

“Na san maganarka. A maƙogwaro take kwana.”

Daga gaban tsohon gidan sinima muka fara. Wani ƙaton kifi ne a bangon, shuɗi, amma daga wuyansa zuwa jela hotunan wani ɗan takara ne aka jera, yana ta yi mana murmushi iri ɗaya. Auta ya gyara murya ya ce kifin yana nuna ƙishirwar ɗan birni. Na dube shi. Yaron da na yi wa wanka a baho ne yake faɗin wannan da fuskarsa a ɗaure! Baƙin suka gyaɗa kai, wani mai gajeren wando har durƙusawa ya yi yana ɗaukar hoton tsagewar siminti.

A katangar makaranta yara ne aka zana suna gudu, wani ya bi kan ƙirjin kowannensu ya rubuta lambar wayar masu kwashe masai. A ƙarƙashin gada hannuwa biyu ne riƙe da fitila, hayaƙin masu facin taya ya mai da fitilar gawayi. Gaskiya akwai guda da ya tsayar da ni: a ƙofar wani shago da aka daɗe da rufewa an zana tsoho yana gyangyaɗi a kan benci, takalminsa ɗaya ya sullube. Sai da na kusa cewa a rage murya. Shi ma an soke masa ido da ƙusa.

Shugabar tana tsakiyarmu, mace mai faɗin tabarau da taushin murya, da ɗan mafici a hannu. Duk inda muka tsaya sai ta girgiza kai. “Abin takaici. Mutanenmu ba su san darajar abu ba.” Ta faɗa a wurin kifi, ta faɗa a makaranta, ta faɗa a gada. Ni kuma takalmi yana cin yatsana, ina haɗiye abin da ke zuwa mini baki.

Da muka karyo kwanar tasha, rana tana dukan bangon sito, sai ayarin ya yi tsit. Ni kaina da na saba ganinsa sai da na tsaya cak. Bayan duk ƙazantar da muka wuce, ga Inna fes, ɗankwalinta ja kamar a taɓa. A ƙasa kuma ga wurinta fayau, har ramukan da ƙafafun keke suka ci a siminti suna nan.

Auta ya tsaya a gaba. “Wannan shi ne zanen da muke alfahari da shi. Mace ce daga cikin talakawan gari, kuna gani tana murmushi duk da wahalar rayuwa.”

Murmushi! Zare take gatsawa, ɗan banza, kuma ya fi kowa sani. Mace daga cikin talakawan gari. Na jira ya ce uwata ce, na jira ya juya wurin shugabar. Sai ya hau bayanin launi. Na matsa na mintsine shi a baya, ya goce kamar ƙuda ne ya taɓa shi.

Shugabar ta sauke mafici. “Ikon Allah. Wannan ya aka yi ya tsira? Ko ƙura babu.”

Na ce a raina, ga ƙofa ta buɗe. Na kutsa gaba.

“Ranki ya daɗe, mai fuskar ce take wanke shi. Mahaifiyarmu ce, ni da wannan da ke muku bayani. Nan wurin zamanta ne tun kafin a haife shi. Kun ce ta matsa na ɗan lokaci, tana can bayan gareji ba mai ganinta, amma kullum sai ta zo da bokitinta ta wanke bangon nan. Ba don ita ba da tuni ya zama kamar kifin can. Ku mai da ta wurinta, shi ke nan abin da muke roƙo.”

Na faɗe shi tiryan-tiryan, har wata baƙuwa ta dafa ƙirji. Wallahi na ɗauka na gama aiki.

Shugabar ta ce, “Wankewa? Da me?”

“Da ruwa da tsumma. In ya yi maiƙo ta ɗan sa sabulu.”

“Sabulu!” Ta juya wurin Auta. “Ka san da wannan ba ka faɗa ba? Sabulu ai cin fenti yake yi. Kullum fa ta ce! Subhanallahi, Allah ne ya kiyaye.” Auta ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa. Sannan shugabar ta kama hannuna da hannayenta biyu masu sanyi. “Ki gaida mana Mama, jaruma ce. Amma ki ce ta huta haka, yanzu nauyin ya dawo kanmu. Dole a kare zanen nan.”

“Maganar wurin fa?”

“Za mu duba, ’yar uwa.”

Da na koma gida Inna tana zare tsohon zif daga wani siket. Ta ce, “Ya aka yi?” Na ce sun ce za su duba. Ta ce to Allah ya sa, ta ci gaba da aikinta. Auta kuwa ya bi ya ƙaurace wa gidan, sai in ji motsinsa a kicin bayan na kwanta.

Abin da aka yi wata da watanni ba a duba ba, kare bango bai ɗauki mako biyu ba. Masu walda suka zo suka kafa shingen ƙarfe mai kai wa ƙirji, aka shafa masa koren fenti, aka sa kwaɗo, aka ajiye wani mai gadi da usur a wuya. Shingen ya zagaye daidai wurin zaman Inna, ramukan keken suna ciki.

Ranar da ta fara zuwa ta tarar da shi na raka ta, don na san abin da za ta gani. Mai gadin bai iso ba tukuna. Masu liƙa talla kuwa sun riga mu, su da tsallake shinge ba komai ba ne a wurinsu. Wata takardar tallan maganin ƙara ƙiba ce, rawaya, an ɗane kan ƙarfen an manna ta a kan bakin Inna.

Ta ajiye bokiti. Ta zura sandarta ta tsakanin ƙarafan, tsumman ya tsaya yana lilo, bai kai ba. Ta ɗaga ƙafa ta ɗora a kan ƙarfen ƙasa, ta sauke. Gwiwar da ta yi shekara da shekaru tana taka keke ba ta hawa shinge.

Raina ya ɓaci, ban san lokacin da na tattare zani na haura ba. Na jawo wani bulo da masu walda suka bari, na taka, na yi miƙa na kamo gefen takardar.

“Ke, tsaya!” in ji Inna. “Tsaya mana!”

Ina! Haushin shugaba da na Auta da na mai gajeren wando duk suna hannuna, na fizge ta da ƙarfi. Ta taho gaba ɗaya, ta taho da fentin. Inda haƙorin nan mai gurbi yake da zaren da ke cikinsa, sai farin siminti kamar tafin hannu.

Daidai nan usur ya tashi. Mai gadin ya taho da gudu yana ihu, wai kayan kwamiti ne, wai zai kira ’yan sanda, wa ya ba mu izinin taɓa zanen. Na buɗe baki zan wanke shi tas, in tambaye shi ko ya san fuskar wa yake gadi. Inna ta riga ni.

“Yi haƙuri, ɗan nan. Kuskure ne, fitowa take yi.” Ta juyo gare ni ta rage murya. “Fito. Kada ki ja a kori Auta daga aiki.”

Na hauro, zanina ya kama a ƙarfe ya yage. Ta karɓi takardar daga hannuna ta juya bayanta, ta daɗe tana kallon ɓawon fentin da ya manne a jikin gam.

“Jiƙawa ake fara yi,” ta ce. “Sai ya sha ruwa ya saki da kansa, sannan ki bi da farce a hankali.”

Na kawar da kai don kada mai usur ya ga hawayena. Ta ninke takardar ta soke a ƙugu. Ta ɗauki bokitin, ta tuttular da ruwan a kwata, ta dubi yagewar zanina.

“Mu je in kama miki wannan,” ta ce, “tunda dai yau ban da wani aikin.”