Farashin Akori-Kurar Rudy

…miji ɗaya, da barci mai nauyi, da mai karanta mata wasiƙa. Abin da Darla Kivela ta rasa ke nan a shekara uku. Abin da ta samu kuwa: tsohuwar akori-kura da ba ta tashi, da 'ya da ta fi ta tsawo, da suna a gari cewa ba a cin ta a ciniki. Kuma ba a ci ɗin. A tambayi mahaucin da ya sayar mata da naman aladen nan, shi da ya ce ta kwasa ta tafi kafin ta raba shi da wandonsa.

Burodi ɗari da hamsin. A tsaga, a shafa man shanu, a sa nama, a rufe. A tsaga, a shafa… Ƙarfe nawa? Sha biyu da rabi. Ƙarfe ɗaya za a fara shigowa, haka katin ya ce. 'Yarta Marni ce ta rubuta da hannunta, ta karanta mata sau biyu — walimar gama sakandare, Asabar 17 ga Yuni, ƙofa a buɗe daga ɗaya zuwa biyar, a garejinmu. A garejinmu. To a ina kuma? Kowa a gareji yake yi. Da ta kafa rumfa a bayan gida, da gobe a bakin coci an ce Darla ta kasa buɗe ƙofar nan. Ta kasa ɗin, shekara uku cur. Amma ba a bakin Lois Ranta, uwar tsegumin coci, za ta ji ba.

Ƙafafun mijinta Rudy kawai ta gani ranar. Takalma biyu sun leƙo daga ƙarƙashin motar. Rudy, abinci. Rudy. Sau uku ta kira, a na huɗu ta shuri takalmin don haushi, miya tana hucewa… Zuciya ce, in ji likita, an kai awa guda da ta tsaya. Awa guda ita tana yanka albasa. Maza suka zo suka ture motar ta manne da bango don a sami hanyar fita da shi, ita kuma ta ja babbar ƙofa ta datse da kwaɗo.

A Oktoban bara ya dawo. Ƙwal… ƙwal… spana a kan ƙarfe, ƙarfe uku da rabi na yamma, kullum ban da Asabar da Lahadi. Wa za ta gaya wa? Fasto? Ya dube ta ta saman tabarau? Ba ta ji tsoro ba ma, abin da ya fi ba ta mamaki ke nan. Kofi ta haɗa, sukari cokali uku yadda kake so, ta ajiye a gindin ƙaramar ƙofar baya ta juyo ba waiwaye. Ƙarfe biyar ta tarar da kofin wayam. Wata takwas, Rudy. Wata takwas tana saurin dawowa daga wankin zannuwan gidan tsofaffi don kada kofinka ya makara.

A tsaga, a shafa…

Gordy, ƙanen Rudy, sau nawa ya taya motar? Ran jana'iza ma bai bari an gama cin abinci ba. Albarka. Bara ya ƙara. Albarka. Yau da safe ya iso da sarƙa, yana murmushin wanda ranarsa ta zo.

"Matar yaya, yau dai dole ta fita, ko baƙi a bayanta za su zauna? In na ja ta har gidana zan kai. Faɗi kuɗinki."

"Bakin titi za ka kai ta, Gordy. Sauran hanyar ka ja tumbinka."

Sai Marni ta ratsa tsakaninsu, ko kai ba ta taje ba, ta hau ta murɗa makulli. Tari ɗaya, tari biyu — ta tashi. Wannan rurin. Shi ke shigowa layinsu kowace yamma daga ramin ma'adinai, da kare yana bin sa a baya… Yarinyar ta leƙo ta taga tana dariya.

"Tun Oktoba nake gyara ta, Mama. Ba gudu nake zuwa yi a makaranta ba, ta ƙofar baya nake shiga. Na gode da kofi. Amma sukarin ya yi yawa."

Sukarin ya yi yawa. Shi ke nan. Ashe ba kai ba ne. Ashe tsohuwa ce kawai take shayar da 'yarta kofin mamaci, 'yar kuma tana gyara ƙafafun da za ta gudu da su. Birnin Duluth, makarantar walda, watan Agusta. An karanta mata wannan wasiƙar ita ma. Ta ce babu motar zuwa, babu mai kai ki, magana ta ƙare. Ashe a bayan bangon kicin ɗinta ake ba ta amsa, ƙwal, ƙwal, ita kuma tana zuba wa amsar sukari.

Mota a ƙofa. Lois ce, da ƙaton kwanon dankali, ita ce kullum ta farko don ta ga abin da ba a gama ba.

"Darla, kin yi ƙoƙari. Ko warin mai babu."

Akwai. Akwai warin mai, da na tsatsa, da na rigarsa. Tebura shida, kujerun coci arba'in, farar leda a kan kowane tebur, balan-balan baƙi da ruwan ɗorawa, kalar makaranta. Kek mai faɗin ƙofa da sunan Marni a kai — wannan dai ta iya karantawa, M mai tsini biyu. Akwatin da baƙi za su jefa kati. Allon hotuna, goma sha uku a jere, daga mai giɓi zuwa mai hular kwali ta gama makaranta. Allon ta jingina shi a bangon can. Da gangan.

Don lokacin da motar ta fita bangon ya bayyana. Ta manta da shi sam. Ranar ƙarshe ta kowace shekarar makaranta Rudy yakan fitar da mota, ya tsayar da Marni a jikin bangon, babu takalmi, ya ɗora mata littafin gyaran inji a ka, ya ja layi da fensir, ya rubuta shekara. Tsaya cak, kaza, kada ki yi ɗage. Layi bisa layi kamar tsani. Na ƙarshe sha huɗu, wato 2014, bazarar da ya faɗi.

Ba shi ne na ƙarshe ba.

Sha biyar. Sha shida. Sha bakwai.

Haruffa suna yi mata rawa a ido tun tana ƙarama, tun kafin ta bar aji ta shiga wanki tana 'yar sha huɗu. Amma lamba? Lamba ba ta taɓa yi mata gardama ba. Kuma hannu ta san shi kamar yadda ake sanin tafiyar mutum daga nesa. Bakwai ɗinsa da ɗamara a ƙugu, irin ta kakansa da ya zo daga Finland. Bakwai ɗin Marni tsirara take, ga ta nan a katin gayyata, 17 ga Yuni, babu ɗamara. Ta duba sau uku yau, ta kai katin jikin bango ta gwada. Kuma motar a manne take da bangon nan, ko kyanwa ba ta ratsawa. Shatin tayoyin yana nan a ƙasa, ba su gusa ba sai yau.

To wa ya auna ta?

"Sannu da aiki, Darla." "Rudy da ya yi alfahari." "Kamarsu ɗaya, har haɓar." Sannunku, sannunku, ga faranti can, ku ɗiba, akwai saura a kicin. Bakinta yana yi shi kaɗai. Malaman makaranta, abokan aikinsa daga rami da manyan hannuwa, matan coci, mutanen da gidan nan ne na uku da suka shiga yau kuma saura biyu. Su jefa kati, su ci burodi, su tsaya gaban hotuna su ce kai, jiya-jiyan nan fa. Su tafi, wasu su shigo. Ƙofa a buɗe. Wa ya ƙirƙiro wannan al'ada ne, a wangale ƙofa awa huɗu a ce kowa ya shigo? Kowa. Ba wanda ke tsayawa ya ƙirga wa ya shiga, wa ya fita…

Tsakiyar garejin. Ta shimfiɗa darduma a kan tabon man, ja, sabuwa, sai da ta sa mai kanti ya rage rabi don ya huta da bakinta. Ba wanda ya taka ta. Ta fi awa tana kallo. Lois da faranti biyu a hannu ta kewaye. Malamin lissafi, baƙo ne a garin, bara ya zo, bai san komai ba — ya kewaye. Yara suna guje-guje, su iso bakin dardumar su rabu biyu kamar ruwa ya sami dutse. Ba wanda ya dubi ƙasa. Ba wanda ya gaya musu. Tsawon mutum ɗaya a kwance, ba ƙari.

Ta tambayi Marni? Ke kika ja layukan? In ta ce ni ce, na kwaikwayi hannun Baba — an ƙwace mata wannan ma, kamar kofi. In ta ce waɗanne layuka… A'a. Mai ciniki ba ya tambayar abin da ba zai iya biyan amsarsa ba. Allon hotuna ya zauna inda yake.

Gordy yana bakin titi yana shafa motar kamar saniya. "Yanzu da ta tashi, matar yaya, na ninka." Albarka. "Za ki mutu da ita ne?" Wataƙila. Wani ya riga ya yi.

Biyar saura kwata. Kek ya koma kwali da ɓurɓushi. Kujeru sun fara kwanciya a jikin juna. Ƙafafunta — tun huɗu na asuba suke tsaye. Bari ta ɗan jingina, nan gefen allon, bangon yana da sanyi. Takalman nan ma su fita, wa zai gani?

Marni tana tahowa. Hular kwali a karkace, takarda a hannu ɗaya, biro a ɗaya. Ta kewaye dardumar ita ma. Ta sani kuwa ta kewaye?

"Takardar mota ce, Mama. Nan za ki sa hannu, inda na yi alama. Ba kyauta nake so ba, na san ki. Nawa?"

Nawa. 'Yarka ce, Rudy, amma wannan bakin nawa ne. Ta tsaya yadda ake tsayawa, kafaɗa a sake, ido ba ya nuna so. Wa ya koya mata? Wa kuwa, shekara goma sha takwas tana riƙe da jaka a bayan uwarta a kowace kasuwa.

"Kowace Juma'a ki kwana a gidan nan. Har Litinin."

"Akwai aiki ran Asabar. Kirsimeti da Ista."

"Ki kai wa Baffanki Gordy wannan tayin, shi ma zai yi miki dariya. Kowace Lahadi."

"Awa biyu ce tafiyar, Mama, ga ƙanƙara. Ɗaya a wata."

"Uku."

"Ɗaya. Da wuri zan zo, na kai dare."

Ba ta ƙara ba. Ba za ta ƙara ba, ga shi nan a haɓar. Yanzu ne ake juya baya a tafi, a bar mai saye ya biyo ka da gudu, ta yi haka sau dubu kuma sau dubu an biyo ta. Amma wannan mai sayen makulli yana aljihunta, motar tana bakin titi hancinta ya kalli gabas. In aka juya mata baya ba za ta biyo ba. Wucewa za ta yi, da takarda ko babu, Lahadin ma babu. Abin da ake sayarwa ya riga ya fita daga gareji tun safe. Saura me ke hannunta? Biro.

Kai fa? Motar za ka bi, ko bangon? In ta tafi da ita Duluth, wa za ka auna baɗi?

Ƙwal.

Ba mota a garejin. Spanonin suna rataye a ƙusoshinsu, ta jera su da kanta da safe, babba zuwa ƙarami. Marni ga ta a gabanta, hannu biyu a cike. Lois tana naɗe leda a can bakin ƙofa, ba ta ɗago ba.

Bayanta a jikin bango. Dugaduganta a haɗe, babu takalmi. Yaushe ta tsaya haka? Wani abu mai faɗi, mara nauyi, ya sauka a tsakiyar kanta a hankali, ya danne gashin… warin tsohuwar takarda da baƙin mai. Tsaya cak. Kada ki yi ɗage. Daf da kunnenta, can sama kaɗan, wani ɗan kar-kar a jikin siminti, gajere, daga hagu zuwa dama.

Ba za ta juya ba. In akwai layi, ba ta son ganin lambar da ke gefensa. Lamba ba ta taɓa yi mata gardama ba.

"Mama? Kin yi fari."

"Gajiya ce. Kawo biron."

D mai ciki. A. Sauran su bi yadda suka ga dama. Shekara uku tana cewa albarka, ga wanda ya ninka da wanda ya roƙa, kuma ba a taɓa cin ta ba, kowa ya sani, a tambayi mahauci…

Nauyin ya ɗaga daga kanta. Ko bai ɗaga ba? Ta miƙa takardar, idonta a kan ƙofar da har yanzu take wangale.

"Na sallama," in ji ta. "Lahadi ɗaya a wata."