Injin Baba Azariya Ya Tashi

"Ya sake cijewa," in ji Baba Azariya. Ya ajiye ɗan injin a kan benci yana haki.

Serah, telar da ke haya a ɗakin da ke jikin nasa, ta tsayar da keken ɗinkinta ta fito baranda. Shekara talatin Baba ya yi yana gyaran jiragen ƙasa a Kafanchan. Tun da likita ya ce zuciyarsa ta gaji, ba shi da zance sai na wannan inji mai tururi, wanda bai fi tafin hannu biyu ba. Wani tsohon zanen ƙasar waje yake bi. Komai ya haɗu, amma fistan, ƙarfen da tururi ke turawa, ya ƙi motsi a cikin bututunsa, wato silinda.

"Awo daidai ne, 'yata, sau goma na auna. Sai dai wannan ƙaramar alama mai kusurwa uku. A namu zanen na reluwe babu ita."

Serah ta shimfiɗa takardar kamar za ta yanka yadi, ta bi ta da yatsa a hankali.

"Baba, duba. A gindin inji guda ɗaya ce. A cikin silinda kuma uku a jere. Me ke taɓa gindin?"

"Ba komai. Zama kawai yake yi."

"Cikin silinda fa?"

Tsohon ya ƙura wa zanen ido. Can ya buga cinya.

"Santsi! Inda ƙarfe ke gogar ƙarfe, a goge shi sai ya yi santsi. Kai, Yesu! Tela ta koya wa makanike karatu!"

Hannunsa ba ƙarfi, don haka Serah ce ta naɗa samfefa mai laushi a jikin sanda, ta yi ta murza cikin silindar da mai yana gaya mata inda za ta tsaya. Kwana biyu ɗinkin mutane yana jira.

Ranar Lahadi bayan sujada, maƙwabta suka cika baranda. Baba ya sa garwashi a ƙarƙashin 'yar tukunyar injin. Ruwa ya tafasa. Ya taɓa wilin da ɗan yatsa, ya juya sau ɗaya, ya tsaya. Ya sake taɓawa. Sai ga shi ya kama gudu, cak-cak-cak, tururi na fita. Matan zumuntar coci suka rangaɗa guɗa. Baba ya yi dariya har da hawaye.

"Ku ji shi! Haka jirgin Jos yake yi in zai hau tudu!"

Ranar Laraba da hantsi ya rasu a kujerarsa, yana cikin zuba wa injin mai. Kafin 'yarsa Miriyam ta iso daga Manchok, Serah ta kawo ruwan ɗumi a kwano ta wanke masa hannuwa, yatsa bayan yatsa. Man ya taso saman ruwan, yana ƙyalli a rana.